Ɗan ƙaramin gilashin da ke tona asirin mai gyaran tsohuwar mota

Duk wanda ya taɓa shiga Volkswagen Beetle, wadda Yarbawa ke kira Ijapa, wato kunkuru, zai tuna ɗan gilashin nan mai kusurwa uku da ke gaban babban gilashin ƙofa. Idan aka murɗa shi, sai iska ta riƙa kwararowa cikin mota ko da babu na'urar sanyaya wuri. Tun a 1952 kamfanin ya fara sa wa Beetle wannan 'yar taga, kuma da ita aka riƙa harhaɗa motar a Legas daga 1975.

Yau da wasu ke farfaɗo da motocin da iyayensu suka bari, a wannan gilashi ake gane gwani da mai gaggawa. Sau da yawa akan fesa wa ƙofa fenti mai ƙyalli, amma a liƙe 'yar tagar da gam don kada ta ba da wahala. Wannan kuskure ne, kuma laifin na mai mota ne da mai gyara baki ɗaya.

Aikin yana da tsari. Sai an cire hannun murɗa gilashi da marfin cikin ƙofa, an kawar da babban gilashi da robobin bakin taga, sannan a kai ga notin da ke riƙe da sandar 'yar tagar. Daga ƙasa tana juyawa ne a kan wani ɗan ƙarfe da ke cikin ƙofa. Daga sama kuwa an ɗaure ta da ƙusar da aka daddale kanta, wadda ba ta kwantuwa sai an ci kan nata da injin huda. A nan ne mai gaggawa ke ɗaukar guduma.

Abin da guduma ke jawowa ba ƙarami ba ne. Gilashin gefen mota gasasshe ne: ba a yanka shi, ba a huda shi, kuma idan ya fashe rugurgujewa yake yi baki ɗaya. Idan firam ɗinsa ya lanƙwashe, ba zai sake zama daidai a kan roba ba. Daga nan ruwan sama zai riƙa zuba cikin ƙofa, idan kuma ƙura ta toshe ramukan fitar ruwa da ke ƙasa, tsatsa za ta cinye ƙofar ta ciki alhali fenti na ta sheƙi a waje.

Masu liƙewa suna da hujjarsu. Sabuwar roba sai an yi odarta daga waje, aikin yana cin lokaci, kuma ɓarayi sun daɗe da sanin cewa ta wannan taga ake zura hannu. Haka ne. Amma maganin sakata mai rauni shi ne a gyara ta. Batun kuɗi kuma, araha ba ta ado: wanda ya ƙi sayen roba bana zai nemi ƙofa sukutum baɗi. An daina ƙera wannan samfuri tun 2003 a Meziko, don haka duk gilashin asali da ya fashe an yi asararsa ke nan. Ragowar da ake tsinta a kasuwanni irin su Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano ba ƙaruwa suke yi ba.

Saboda haka mai mota ya biya kuɗin lokacin da aka ɓata, ya daina tsaya wa mai gyara a ka. Mai gyara kuma ya ɗauki hoton kowane mataki da wayarsa kafin ya kwance, ya jiƙa notin da suka yi tsatsa da mai tun daren jiya, ya gama ƙofa ɗaya kafin ya taɓa ta biyu, domin ta biyun ita ce madubinsa idan ya rikice.

Mafi muhimmanci, tsofaffin masu gyara da suka yi aiki a kan waɗannan motoci tun suna sababbi suna ta ƙarewa. Duk mai gareji da ya samu irin wannan ƙofa, ya kira ɗaya daga cikinsu, ya tara yaransa su kalli yadda ake fitar da gilashin lafiya.