Sarki Na Daɗewa, Kasuwa Ce Shaida

A duk lokacin da aka zauna lissafin sarakunan da suka fi daɗewa bisa gadon sarauta a duniya, sunaye kaɗan ne ake maimaitawa. Akwai Luwi na 14 na Faransa, wanda aka naɗa yana ɗan shekara huɗu a 1643, ya kuma yi shekara 72 yana sarauta har rasuwarsa a 1715. Akwai Sarauniyar Ingila Elizabeth ta biyu da ta yi shekara 70, daga 1952 zuwa 2022. A nan Afirka kuwa, Sobhuza na biyu na Swaziland, ƙasar da ake kira Eswatini yanzu, tun yana jariri aka ba shi sarauta a 1899, bai bar ta ba sai da mutuwa ta zo a 1982, wato shekara 82.

Mu ma ba a bar mu baya ba. Sarkin Musulmi Abubakar na uku ya yi shekara 50 a Sakkwato, daga 1938 zuwa 1988. Sarkin Kano Ado Bayero ya hau a 1963, ya rasu a 2014. A gida Nijar, Sarkin Abzin Ibrahim Umaru ya riƙe Agadas daga 1960 zuwa 2012, shekara 52, kuma cikin wannan tsakani ya ga shugabannin ƙasa tara, daga Jori Hamani zuwa Mahamadu Isufu.

To, mene ne ruwan mai tebur a kasuwar Madawa, ko mai sayar da ƙuli-ƙuli a Buza, ko dillalin albasa a Tamaske da wannan lissafi? Ruwansu babba ne. Shugaban gunduma ana kawo shi, ana ɗauke shi. Magajin gari wa'adi gare shi, kuma kowa ya ga yadda aka rushe majalisun ƙananan hukumomi baki ɗaya a watan Afrilun 2024. Amma sarki ba shi da wa'adi. Wanda aka ɗaura wa rawani yau, mai yiwuwa shi ne zai yi wa jikokinmu sulhu kan gona da rijiya.

Tarihi ya nuna cewa yawan shekaru kaɗai ba ya cika tumbin talaka. Luwi na Faransa ya gina fada ta kece raini, ya yi yaƙe-yaƙe, ya ɗora wa talakawa haraji mai nauyi. A zamaninsa yunwar 1693 da 1694 ta kashe fiye da mutum miliyan ɗaya, kuma ya mutu ya bar baitulmali cikin bashi. Sarkin Habasha Haile Selassie ya yi shekara 44, amma da yunwa ta faɗa wa lardin Wollo a 1973, fada ta yi ta rufa-rufa, shekara na zagayowa sojoji suka tuɓe shi. Sarkin Kano Muhammadu Rumfa kuwa, shekara 36 ya yi, daga 1463 zuwa 1499, amma Kasuwar Kurmi da ake danganta kafa ta da shi tana nan tana ci bayan fiye da shekara 500. Ɗan kasuwa ya san wanne ne cikinsu ya bar masa gado.

A ƙasarmu doka ta ba sarakunan gargajiya aiki na gaske. Dokar watan Janairun 2015 da ta tsara matsayinsu ta ba su ikon sasanta mutane kan al'amuran gargajiya, da na zaman yau da kullum, da na ciniki, har da rikicin gonaki da makiyaya. Su ne kuma ke taimaka wa hukuma wajen karɓar lamho. A ƙasar Adar da Gobir Tudu, inda fadama ta yi kaɗan, mutane kuma suka yi yawa, wannan iko ba abin wasa ba ne. Gonakin Majiya da aka kare da layukan itatuwa tun 1975, da ƙasar da aka farfaɗo da ita a Keita tun da babban aikin nan ya soma a 1984, inda mata suka fi kowa ɗaukar duwatsu a ka, duk sun zama dukiya. Inda dukiya take, can gardama take. Ranar da burtali ya toshe, ko magada suka tashi kan garkar albasa, ko bashi ya shiga tsakanin manomi da dillali, ƙofar fada ake fara zuwa kafin a kai ga alƙali. Idan an yi adalci a can, kasuwa ta ci lafiya. Idan an karkata, sai gaba ta shekara da shekaru, baƙi su ƙaurace, ciniki ya mutu.

Saboda haka ranar zaɓen sarki ta fi kowace ranar zaɓe nauyi. Bisa doka, masu gari ne ke jefa ƙuri'a su fitar da sarkin kanto daga cikin ƴaƴan gidan da ke da gado, sannan gwamnati ta tabbatar. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa a irin wannan lokaci kuɗi na yawo, kuma sau da yawa daga aljihun manyan ƴan kasuwa suke fitowa. Muna jan kunnen ƴan uwanmu: kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Sarkin da ya hau da bashi, da me zai biya in ba da gonar marayu da haƙƙin masu ƙaramin ƙarfi ba? Mai garin da ya karɓi jikkuna ya sayar da ƙuri'arsa, ya sayar da shekara talatin ko arba'in na mutanen garinsa, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Mahukunta ma su tsame hannunsu. Mun ga abin da ya biyo bayan dogayen sarautu a maƙwabta. Da Abubakar na uku ya rasu a 1988, naɗin Ibrahim Dasuki ya jawo tarzoma a Sakkwato har aka yi asarar rayuka, kuma a 1996 wata gwamnatin soja ta tuɓe shi. A Kano, bayan Ado Bayero, an naɗa Muhammadu Sanusi na biyu a 2014, aka sauke shi a 2020, aka maido shi a 2024, magana ta kai har kotu. Duk sanda siyasa ta shiga fada, martabar rawani ke raguwa, talaka ya rasa inda zai kai kuka.

Ga sarakunanmu, Allah ya ja zamaninku, roƙonmu kaɗan ne. Kusan duk masu jefa ƙuri'ar sarauta maza ne, alhali mata ne ke cika rumfuna ranar kasuwa. A ware musu lokaci a fada, su faɗi damuwarsu da bakinsu, ba sai ta bakin wani ba. A sa ido kan masu karɓar kuɗin tebur ba tare da ba da tikiti ba. A tsaya kan mudu da awo. Duk sulhun da aka yi kan gona a rubuta shi, a ba kowane ɓangare takardarsa, domin sarki na iya daɗewa, amma shaidu na mutuwa.

Hausawa na cewa sarki goma, zamani goma. Addu'ar tsawon rai muna yi wa kowane sarki. Amma ranar da za a yi masa hisabin duniya, a bakin kasuwa za a yi shi, kuma mai tallar fura da mai buhun albasa su ne za su ba da shaida.