A Ɗakin Wa Ake Rubuta Sunayen Masu Tsaron Gari?

Tun daga watan Fabrairu na 2024, lokacin da Shugaban Ƙasa Bola Tinubu da Gwamnoni suka zauna a Abuja suka amince a duba yiwuwar kafa 'yan sandan jihohi, maganar nan ba ta bar bakin jama'a ba. Ana yin ta a majalisu, ana yin ta a kara da kasuwar gwari, waɗansu na cewa ita ce maganin 'yan fashin daji, waɗansu kuwa na cewa kulki ne za a miƙa wa Gwamnoni su doki abokan hamayya. To, mu mazauna Kudu, daga Agege da Idi-Araba zuwa Sabo ta Badun da ta Shagamu, har Ama Hausa ta Owerri da Fatakwal, akwai wata tambaya da ta fi wannan gardama kusa da wuyanmu. Ita ce, ranar da za a ɗauki mutumin da zai tsaya da kulki ko bindiga a bakin kasuwar ƙaramin garin da muke neman abinci a cikinsa, wa zai rubuta sunansa, kuma a gaban wa? Domin mai tsaro, kowane suna aka laƙaba masa, wanda ya sa shi cikin jerin sunaye shi yake ɗauka ubangidansa.

Dattawanmu sun san wannan al'amari tun kafin a haifi yawancinmu. A zamanin En'e kowace masarauta a Arewa tana da 'yan dokarta a ƙarƙashin Wakilin Doka, su kuwa Sarki da 'yan majalisarsa suke yi wa biyayya. Gaskiya ɗaya ce, ɗan doka ya san garinsa ciki da bai. Ya san harshen mutane, ya san gidan da ɓarawo ke kwana, ya san mai sayen kayan sata. Amma da siyasa ta kankama, musamman bayan kafa jam'iyyar NEPU a 1950, sai aka ga ɗaya fuskar tasa. Da 'yan doka aka riƙa tarwatsa laccar 'yan hamayya, da su aka riƙa kai talakawa gaban alƙali a ɗaure su saboda kawai sun riƙe katin wata jam'iyya. A Jihar Yamma ma haka 'yan sandan ƙananan hukumomi suka zama makamin masu mulki a zaɓukan 1964 da 1965. Saboda haka ne kwamitin Gobir, wanda gwamnatin soja ta kafa a 1966, ya ba da shawara a soke su, kuma a zamanin Janar Yakubu Gowon aka narkar da su cikin 'Yan Sandan Nijeriya. Tsarin Mulki na 1999 ya bi wannan sawu, inda sashe na 214 ya hana a kafa wata rundunar 'yan sanda ban da ta Tarayya.

Sai dai dokar da ke kan takarda ba ta tsare gona ko shago da dare. Da 'yan sandan Tarayya suka kasa wadatar da ƙauyuka da ƙananan garuruwa, sai kowa ya nemi mafita. Jihar Ikko ta yi dokar kafa masu tsaron unguwanni a 2016. Gwamnonin ƙasar Yarbawa suka ƙaddamar da Amotekun a Badun a watan Janairu na 2020. Na ƙasar Ibo suka ba da sanarwar kafa Ebube Agu a 2021. A gida ma Katsina ta kafa tata rundunar a 2023, Zamfara ta biyo baya da Askarawa a 2024. Ita kanta Gwamnatin Tarayya ta ware Naira biliyan 13 da 'yan kai a 2020 domin shirin 'yan sandan sa-kai na al'umma, kuma Dokar 'Yan Sanda ta wannan shekara ta tanadi kwamitocin da za a sa wakilan jama'a a ciki. Ban da waɗannan duka, ga 'yan banga da 'yan sintiri da mafarauta waɗanda kusan kowane gari ke da su. Ashe ɗan doka bai mutu ba, riga ya sake.

To, yaya ake ɗaukar waɗannan mutane? Duk wanda ya zauna a ƙaramin gari ya san yadda ake yi. A ce takarda ta zo daga babban birnin jiha cewa an ba ƙaramar hukuma gurbi ashirin. Ciyaman zai ware nasa, ya ba kowane kansila ɗaya, ya ba shugaban jam'iyya, ya aika wa fada, ragowar kuma su tafi ga samarin da suka yi masa gadin akwati ranar zaɓe. Ba za a kira zaman majalisa ba, balle akawu ya rubuta abin da aka yanke. Ba za a liƙa sunaye a allon sakatariya ba, balle wani ya taso ya ce wannan yaro mun san shi da shaye-shaye, wancan an taɓa kama shi da awakin mutane. Jama'a sai dai su wayi gari su gan su cikin sabon kaki a kan hanya. Idan har a sama Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda da ofishin Sufeto Janar sun yi shari'a a kan wanda ke da ikon ɗaukar kurata 10,000 na 2019, shari'ar da ba ta ƙare ba sai da Kotun Ƙoli ta ba Hukumar gaskiya a 2023, me ake zato a ƙasa, inda babu ɗan jarida, babu lauya?

A nan ne matsalarmu ta musamman take. Mabuɗin shiga kowane irin aikin kaki a ƙasar nan shi ne takardar shaidar asali, wadda ƙaramar hukuma ke bayarwa. Yaron da aka haifa a Sabo, kakansa ma a Sabo aka binne shi, yana jin Yarbanci kamar Hausa, galibi in ya je neman wannan takarda sai a ce masa ya koma garinsu. In ya tafi Bici ko Illela ko Haɗeja, sai dagaci ya tambaye shi gidan wa ya fito, shi kuwa bai sani ba. Ya zama jemage, ba ya tsuntsu ba ya dabba. Alhali sashe na 15 na Tsarin Mulki ya ɗora wa hukuma nauyin tabbatar wa kowane ɗan ƙasa cikakken haƙƙin zama a ko'ina cikin Tarayya, sashe na 42 kuma ya hana a nuna masa bambanci saboda asalinsa. Sakamakon haka, unguwar da ke biyan kuɗin rumfa da kuɗin tasha da kuɗin mayanka kowace safiya, ita ce ba ta da mutum ko ɗaya cikin masu tsaron garin. Ranar da aka kama ɗan acaba ko mai shayi, babu mai jin abin da yake faɗa.

Wanda yake ganin wannan ƙaramar magana ce, ya tuna da Uromi ta Jihar Edo. A ƙarshen watan Maris na 2025 'yan banga suka tare wata babbar mota da ta ɗauko mafarauta daga Fatakwal za su Kano bikin ƙaramar Salla. Da aka ga bindigogin farauta a wurinsu sai aka yi musu kururuwar masu satar mutane, taron jama'a ya hallaka mutum 16. Allah ya jiƙansu. Ba za mu ɓoye cewa mutanen wannan yanki sun daɗe suna shan azabar masu garkuwa da mutane ba, kuma Gwamnan Edo ya je Kano ya yi ta'aziyya. Amma aikin mai tsaro shi ne ya miƙa wanda ya kama ga caji ofis, ya kuma tsare ransa har a kai shi gaban shari'a. Da a ce waɗanda suka tsaya a kan hanyar nan mutane ne da aka tantance aka horar, da a ce akwai ko mutum guda cikinsu da ke jin Hausa, ko wanda ya san ƙofar gidan Sarkin Hausawan garin, da wataƙila waɗannan bayin Allah sun yi Salla cikin iyalansu.

Wani dalili da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne kuɗi. Ran 11 ga watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta wa Gwamnoni naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓun shugabanni. Ko da yake an yi ta jan ƙafa wajen aiwatarwa, duk ranar da kuɗin suka tsaya a hannun Ciyaman, shi ne zai riƙa biyan alawus ɗin 'yan banga da sayen baburansu. Ikon da babu ido a kansa kuwa, ko a Abuja yake ko a sakatariyar ƙauye, halinsa ɗaya ne.

Saboda haka ga abin da muke kira ga kansiloli da shugabannin ƙananan hukumomi su yi, musamman waɗanda suka hau kujera a ƙarƙashin tutar jam'iyyarmu, domin su ya kamata su fara nuna misali. Kada a ɗauki mai tsaro ko ɗaya sai majalisa ta zauna a bainar jama'a, an kaɗa ƙuri'a, an rubuta. A liƙa sunayen masu nema a sakatariya da kasuwa da ƙofar fada har tsawon mako biyu, domin mai ƙorafi ya kawo. A sa Baturen 'yan sanda na yankin ya binciki kowane suna, kada kuma a ba kowa kaki sai ya sami horo a kan iyakar ikonsa. A mai da zama a gari shi ne sharaɗi, watau wanda ya shekara goma yana biyan haraji, maƙwabta kuma suka shaide shi, a karɓe shi ko daga ina kakansa ya fito. Sa'an nan a ba Sarkin Hausawa da shugabannin sauran baƙi kujera a kwamitin tsaron gari tun ana zaman lafiya, a daina jira sai jini ya zuba a aika musu da mota.

Mu ma akwai namu nauyin, 'yan'uwa. Da yawa cikinmu sun shekara ashirin a Kudu amma katin zaɓensu yana ƙauye, alhali doka ta yarda mutum ya mayar da rajistarsa inda yake zaune. Kansila ba ya tsoron wanda ba ya zaɓensa. Kwamitin hulɗa tsakanin 'yan sanda da jama'a, wanda aka kafa tun 1984, yana da rassa a ofisoshin 'yan sanda na yankuna, amma mu nawa ne muka taɓa halartar zamansa? Wajibi ne sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa su riƙe littafin sunayen baƙin da ke sauka a unguwanninsu, su kuma miƙa ɓata-gari ga hukuma da hannunsu, domin wake ɗaya shi ke ɓata gari. Mafarauta da masu doguwar tafiya su riƙe takardun shaidarsu, su sanar da 'yan sanda kafin su ratsa ƙasar da ba a san su ba.

Kuma kada mu manta, abin da muke nema a Shagamu shi ne abin da Ibo da Bayarabe ke nema a Sabon Garin Kano da na Zariya, shi ne kuma abin da Bafulatanin ruga ke nema a ƙauyukan Zamfara, inda 'yan sa-kai suka sha ɗaukar doka a hannunsu. In mun aika da kuɗi gida, mu haɗa da wannan saƙo ga kansilolinmu na can. Ranar da aka buɗe ƙofar ɗakin da ake rubuta sunaye, a Kudu da Arewa baki ɗaya, ranar ce baƙo zai ga kaki a kan hanya hankalinsa ya kwanta. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.