"Da Sauƙi" Ba Ta Isa Amsa Ba

Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya ya sani, ko Bahaushe yana murƙususu don azaba, in aka tambaye shi jiki "da sauƙi" zai ce. Wannan dauriya abin yabo ce, amma ga mai ciwon daji, ko sikila, ko tsohon da shanyewar jiki ta kwantar shekara da shekaru, takan sa nas ta wuce gadonsa ba ta ba shi komi ba.

Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa matakai uku na kashe raɗaɗin ciwon daji: a fara da irin su farasitamol, sannan kodin, in abin ya faskara a ba da mofin. Ta kuma ce a riƙa bayarwa ta baki, a kan agogo, ba sai marar lafiya ya yi kuka ba. Mofin na ruwa kuwa duk bayan awa huɗu ake sha, kuma yakan kawo maƙarƙashiya, don haka dole a haɗa da maganin sakin ciki. Wannan ilimi ba na likita kaɗai ba ne, gama nas ce ke kwana a ɗakin, a gida kuwa matarsa ko 'yarsa.

Mun san dalilin tsoro. Ɓarnar da tiramadol da kodin suka yi wa samarinmu ta sa Gwamnatin Tarayya ta hana sarrafa maganin tari mai kodin a 2018, kuma mun goyi baya. To amma ba daidai ba ne laifin 'yan shaye-shaye ya shafi tsohuwar da ciwon daji ya ci ƙashinta. Uganda ta nuna hanya: a 2004 ta yarje wa nas-nas da suka sami horo na musamman su rubuta mofin, abin da asibitin Dokta Anne Merriman, wanda ta kafa a 1993, ya share wa fage.

Saboda haka muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jiha da ta sa wannan darasi cikin kwas na ƙarin sani ga nas-nas, su koyi auna zafin ciwo daga 0 zuwa 10, su kuma karanta fuskar wanda ba ya iya magana. Kafin a sallami marar lafiya, lalle ne a zaunar da mai jinyarsa a koya masa, da Hausa, lokacin shan magani da inda zai kulle shi kada yara su kai gare shi.