ADDU'A KAFIN WASA, ƘARYA A TAKARDA: DARASIN DA WANI KOCI YA KOYA MINI

Rubutun yau da ɗan tsawo, ku daure ku kai ƙarshe, don kaina zan fara tona wa asiri.

Bayan kaka, da aka gama kai masara da waken soya gida, an shirya 'yar ƙaramar gasar ƙwallon kwando ta 'yan ƙasa da shekara 17 a nan yankinmu na Funtuwa da Malumfashi. Ɗan yayata yana cikin ƙungiyar da matasan cocinmu suka kafa, wadda kusan rabin yaranta ma Musulmi ne 'yan unguwa. Dogon yaro ne, kuma ya iya wasa ba laifi. Matsalar guda ce: shekarunsa 19. Ya yi asarar shekara biyu ba makaranta lokacin da 'yan bindiga suka tashe su daga ƙauye, shi ya sa har yanzu yake aji ɗaya da ƙannensa.

Yayata ta same ni har gida ta ce, "Kai da kake aikin gwamnati, takardar shekaru ce za ta gagare ka? Ka sa a rage masa uku, ko Allah zai sa wani ya gan shi ya ɗauke shi." Maganar gaskiya ban yi mata gardama ba. Na san inda ake yi, na san nawa ake biya. Sai na ce bari in fara sanar da kocin don kada bakinmu ya bambanta.

Kocin nan ƙanena ne a shekaru nesa ba kusa ba, malamin makaranta ne, kuma ba a biyansa ko sisi kan horar da yaran. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri. Ni nake tara yaran nan mu yi addu'a kafin a hura usur. Da wane baki zan ce amin, alhali takardar da ke hannuna ƙarya ce? Kuma yaron da zan ajiye a benci don in sa naka, shekarunsa 15 na gaskiya. Me zan ce masa?"

Na fito raina a ɓace. Aka yi gasa, aka fitar da su a wasa na biyu da tazarar maki 6, a hannun wata ƙungiya da wasu 'yan wasanta kana gani ka san da safen nan aka aske musu gemu. Iyaye suka yi ta surutu, wai kocin ya cika tsoron Allah na rashin wayo, wai kowa haka yake yi. Har ni na taya su a ranar.

Yau na dawo in ce kocin ne da gaskiya, ni ne na yi kuskure. Ga dalilaina.

Na farko, wasan nan kansa tarbiyya ce ta haife shi. Mutumin da ya ƙirƙiro shi, James Naismith, ɗan Kanada ne da ya karanta ilimin tauhidin Kirista a birnin Montreal, amma maimakon ya riƙe coci sai ya zaɓi koyar da motsa jiki. A watan Disamban 1891, a makarantar ƙungiyar matasa Kirista ta YMCA da ke Springfield a Amurka, aka ba shi aji na samari 18 da tsananin sanyi ya kulle a ɗaki har suka fara gagarar malamai. Ya kafa kwandunan 'ya'yan itace guda biyu a sama, ya rubuta dokoki 13, ya hana gudu da ƙwallo a hannu, ya hana ture da duka. Ya ɗaga kwandon sama ne don dabara da natsuwa su fi ƙarfin tuwo amfani. Kuma abin mamaki, a tarihin jami'ar Kansas shi kaɗai ne kocin maza da wasannin da aka cinye shi suka fi waɗanda ya ci yawa. Mai wasan ke nan fa. Mutum ya fi damunsa a kan kofi.

Kada wani ya ce ai mai gaskiya ba ya cin kofi. John Wooden, Kirista ne da bai ɓoye bangaskiyarsa ba, ya ci kofin jami'o'in Amurka sau 10 tsakanin 1964 da 1975 tare da jami'ar UCLA. Amma tun kafin nan, a 1947, yana koci a Indiana, aka gayyaci ƙungiyarsa wata babbar gasa da ba ta yarda baƙar fata su buga ba. Yana da ɗan wasa baƙar fata guda ɗaya, Clarence Walker. Ya ƙi zuwa gasar gaba ɗaya. Shekara ta zagayo aka sauya dokar, yaron ya buga. Wannan shi ake kira bangaskiya: wadda kake yarda ka yi asara saboda ita. Manzo Bulus ma, a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Timoti, da ɗan wasa ya buga misali don ya nuna cewa ladan nasara na wanda ya bi ƙa'ida ne. Mu kuwa mun riƙe addu'ar buɗe wasa, mun saki ƙa'idar.

Na biyu, yaro ba ya koyon hali daga wa'azin koci, daga abin da ya ga koci ya yi yake koya. Ka yi masa awa guda kana karanta masa nassi kan gaskiya, sannan ka ce idan an tambaye shi ya ce a 2009 aka haife shi, wanne kake jin zai riƙe? Ranar nan ka koya masa cewa Allah na coci ne da masallaci, takarda kuma ta masu wayo ce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, to mu ta wace fuska muke tanƙwarawa?

A nan ne abin ya taɓa ni. Mu ma'aikatan gwamnati mun san dokar ritaya: shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki. Mun kuma san fayil nawa ne aka goge wa ranar haihuwa, har ka ga mutum ya zama ƙanen ƙanensa a takarda, ya toshe gurbin da matashi mai digiri yake jira. Daga ina ya koyo? Daga irin ranar da wani kawu ya rage masa uku don gasar makaranta. Ƙasar ma ta sha kunyar abin: a 1989 hukumar FIFA ta dakatar da Najeriya shekara biyu daga gasannin matasa saboda saɓanin shekarun wasu 'yan wasanmu. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba zan raina shi ba. Yaran karkararmu da yawa ba a yi musu rajistar haihuwa ba, wasu gona ta jinkirta su, wasu rashin tsaro. Bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Disamban 2020 kowa ya ga yadda karatu ya tsaya cak. Ba laifinsu ba ne. Kuma wasan yana da gaba: Masai Ujiri a nan Zariya ya tashi, ya kai ga jagorantar Toronto Raptors ta ci kofin NBA a 2019. Wane uba ne ba zai so ɗansa ya bi sawu ba? Amma maganin zaluncin da aka yi wa ɗanka ba shi ne ka zalunci ɗan wani ba. Masu shirya gasa su buɗe rukunin 'yan ƙasa da 20 mana. Iyaye mu yi wa jarirai rajista tun ranar suna. Coci da masallaci su daina tambayar koci kofi nawa ya kawo, su tambaye shi yaro nawa ya raba da shaye-shaye, nawa ya mayar aji.

'Yan'uwana Musulmi, na kawo misalai daga addinina ne don shi na fi sani, amma maganar tamu ce duka. Hakeem Olajuwon yana azumin Ramadan yana buga NBA, har aka zaɓe shi gwarzon watan Fabrairun 1995. Shi ma bai ajiye addininsa a ƙofar fili ba.

Ɗan yayata fa? Ya yi fushi na kwana biyu. Yanzu kocin ya ba shi aikin koya wa ƙananan yara jifa duk ranar Asabar. Makon jiya ya ce mini, "Kawu, gara da ba ka yi ba. Da yanzu kullum ina lissafin shekarar da zan faɗa." Na rasa amsar ba shi. Gobe in Allah ya kai mu zan je in ba kocin haƙuri, a gaban yaran.

Ra'ayina ke nan. Wanda yake ganin akasin haka bismillah, ga fili nan ƙasa, amma a yi da mutunci. Allah ya shirya mana zuri'a, ya zaunar da yankinmu lafiya.