Baƙin Tsuntsaye a Fadamar Haɗeja da Nguru

Da zarar damina ta ɗauke, wajen watan Oktoba zuwa Nuwamba, sai fadamar da ke tsakanin Haɗeja da Nguru ta cika da baƙi. Agwagin ruwa ne da wasu ƙananan tsuntsayen bakin gulbi, waɗanda suka gudo daga sanyin ƙasashen Turai da arewacin Asiya, suka ƙetare Sahara. Su kan iske 'yan gida, wato su kirinjijiya da dinya da zalɓe da balbela. Shamuwa kuwa a lokacin ta yi kudu, domin ita baƙuwar damina ce.

Galibin ɗalibai sun ɗauki zuwa kallon tsuntsaye a matsayin shagalin Turawa marasa aikin yi. Wannan kuskure ne, musamman ga mai nazarin Hausa. Duk wanda ya buɗe ƙamus ɗin Bargery na 1934 zai tarar da sunayen tsuntsaye birjik, amma ɗalibai nawa ne za su iya nuna gauraka a fili su ce ga ta? Sunan yana cikin littafi, yana cikin karin magana da tatsuniya, mai sunan kuwa an daina saninsa. Waɗanda har yanzu suke riƙe da wannan ilmi su ne masunta da manoman shinkafa da makiyaya, kuma mafi yawansu dattawa ne.

Ita kanta fadamar ba ta zauna lafiya ba. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ambaliyar shekara-shekara ta ragu, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da dama. An dai sanya tafkin Nguru cikin jerin dausayin da duniya ta amince a kiyaye, bisa yarjejeniyar Ramsar, a shekarar 2000, sai dai takarda ba ta kawo ruwa.

Saboda haka ya kamata sassan Hausa su riƙa tura ɗalibai wurare irin su Dagona a lokacin kaka, da rikoda da littafin rubutu. Su shiga kwalekwale da asuba tare da masunci, su tambayi sunan kowane tsuntsu da Hausa, su kuma ji yadda Badawa da Mangawa da Fulani ke kiransa. Kundin digiri guda ba zai ɗauke abin da tsoho ɗaya zai faɗa kafin hantsi ba.