Wa Ya Kori Gwanki Daga Dajin Dumburum?

Kakana maharbi ne a ƙasar Zurmi. Idan ya zauna lissafa namun da ya sani tsakanin gulbin Bunsuru da na Gagare, sai yatsunsa su ƙare bai kai rabi ba: gwanki da barewa da gada, mugun dawa da dabgi da beguwa, kura da dila, har damisa da yake ambata da ƙasa-ƙasan murya. Ni kuwa, jikansa, ban taɓa ganin kura ba sai wadda gardawa suka jawo da takunkumi ranar Alhamis a kasuwar Shinkafi. 'Ya'yana ma a tatsuniya kawai suka san ta.

Yau duk wanda ka tambaya zai ce 'yan bindiga ne suka kore namun dajinmu. Ban yarda ba. Wannan magana tana da daɗin faɗi ne domin tana wanke mu. Kafin ɓarawo ya kafa sansani a Dumburum ko Sububu, gwanki ya riga ya zama labari. Mu ne muka cinna wa daji wuta kowane rani saboda zomo da gafiya. Mu ne muka sare kirya da marke muka loda gawayi a manyan motoci. Manyanmu kuma suka yanka makiyaya da burtali suka mayar gonaki, alhali tun zamanin mulkin Jihar Arewa aka keɓe makiyayar Gidan Jaja. Da ma'aikacin gandun daji ya zama mai karɓar na goro a bakin hanya, sai dajin ya rasa mai shi. Ɓarawo bai fasa ƙofa ba, a buɗe ya tarar da ita.

Na san abin da za a ce mini: ana sace mutane, an hana noma, mata da yara sun cika Kaura Namoda suna gudun hijira, kai kana kukan barewa? Ni ma na binne 'yan'uwa, ba a ba ni labarin wannan azaba. Amma sakacin da ya cinye barewa shi ne ya dawo yana cin mu, kuma dajin da za a ƙwato da jinin sojoji, idan aka sake barin sa haka, wani zai sake shiga.

Kada kuma a ce abin ya fi ƙarfin talaka. Maƙwabtanmu na Nijar ba su fi mu arziki ba. A 1996 raƙuman dawan da suka rage musu a yankin Kure, kusa da Yamai, ba su wuce 50 ba. Suka hana harbi, suka sa manoma cikin aikin tsaro, har adadin ya haura 600. A 2018 suka kwashi takwas zuwa gandun Gadabeji a jihar Maradi, wadda muke iyaka da ita. Mu kuwa, a duk faɗin Nijeriya, zaki ya maƙale a Yankari da Kainji kawai.

Saboda haka ina kira ga gwamnatin Zamfara da masarautun Zurmi da Shinkafi da Kaura Namoda: tun kafin ƙura ta lafa, a fito da taswirar gandun daji ta asali, a bayyana sunan duk wanda ke riƙe da gona a ciki. A zauna da sarakunan dawa da ardo-ardo, a rubuta abin da suka sani tun suna raye, a ƙirga namun da suka saura. A ɗauki 'ya'yan maharba aikin gadi da albashi, domin babu wanda ya fi su sanin sawu. Kwarin kakana yana nan rataye a zaurenmu, kuma ƙanena ya iya karanta sawun gada a kan yashi.