Kafin A Ɗora Almajirin Tela Kan Keke, A Ba Shi Allura

Leƙa shagunan koyon ɗinki a Kano ko Zariya ka gani: yaro ko yarinya na zuwa, kafin mako ya zagayo an ɗora su kan keke. Ni kuwa a ganina, watan farko kamata ya yi ya ƙare allura na hannu, kuma a fara da ɗinkin tsaga zare.

Bayaninsa gajere ne. Za ka yi ɗinki ɗaya, tsawonsa kamar milimita 3. Sai ka dawo da allura ta ƙarƙashin yadi, ka huda tsakiyar wannan ɗinkin, ta fito ta raba zaren gida biyu, ka sake yin gaba. Haka za a yi ta bi har layi ya fito kamar 'yar siririyar sarƙa. To, a baki ke nan. A hannu kuwa, da allura ta kauce wa tsakiya sai gefe ɗaya ya yi kauri, ɗayan ya sirance. Ka ja zare da ƙarfi, yadi ya tattare. Ka sassauta, layi ya yi ɗage-ɗage. Zare mai murɗi sosai ba ya yarda a tsaga shi, mai laushi ake nema. In an zo kwana kuma dole a rage tsawon ɗinkin, in ba haka ba da'ira ta fito da kusurwa. Duk kuskure a fili yake, almajiri zai gani da idonsa tun kafin maigida ya ɗaga murya. Abin da ya sa na zaɓe shi ke nan.

Kada a ɗauka wasan yara ne. A ƙarni na 13 da na 14, masu aikin allura na Landan da wannan ɗinkin suka yi suna a Turai. Da zaren siliki suke fitar da fuskar mutum, suna kewaya kunci da ɗinkin har ya taso. Lissafin kayan fadar Fafaroma na 1295 ya ambaci aikin Ingila fiye da 100. Wata alkyabbar coci da ake kira Syon Cope, ta farkon ƙarni na 14, tana nan har yau a gidan tarihi na Victoria and Albert. Ingilawan ma ba su bar abin ya mutu ba: makarantarsu ta aikin allura, Royal School of Needlework, tun 1872 take koyarwa.

Na san abin da telolinmu za su ce: injin kwamfuta na gama aikin wuyan riga kafin mai allura ya gama hannu ɗaya, kuma mai kaya ba ya jira. Gaskiya ne, ban ce a jefar da inji ba. Amma a je kasuwa a tambayi kuɗin babbar riga mai aska takwas ta aikin hannu, a tambayi ta inji. A yi haka da hular Zanna Bukar. Masu sayen aikin hannu sun san abin da suke biya.

Ga shi koyon bai da tsada. Allura, ƙyallen da tela ke zubarwa, da ƙullin zaren ado mai sili shida, wanda za a zare sili biyu a fara da su. In hannu ya faɗa, sai a koma sili ɗaya.